Leƙen Daji Kafin Buɗe Farautar Barewa: Daga Barorin Sarakunan Turai Zuwa Kyamarorin Amurka

A ƙasashen arewacin duniya, musamman Amurka da Kanada, mafarauta suna da al'adar shiga daji makonni ko watanni kafin ranar da hukuma take buɗe farautar barewa, ba da niyyar harbi ba, sai don su gano inda dabbar take kwana, da inda take kiwo, da turbar da take bi tsakanin wuraren biyu. Wannan aiki, wanda za a kira shi leƙen daji a nan, yana iya kama da abin da kowane maharbi yake yi tun fil azal, kuma lalle bin sawu tsohon ilimi ne da babu al'ummar da za ta ce ita ta ƙago shi. Amma ware leƙe ya zama aiki mai zaman kansa, mai lokacinsa dabam da na kisa, abu ne da doka ta haifar, domin sai da aka hana mutum harbi a yawancin kwanakin shekara sannan ya zame masa dole ya tara saninsa tun kafin 'yan kwanakin da aka bar masa.

Dabbar da ake magana a kanta ba irin barewar Sahel ba ce, wadda ƙahonta yake zaune a kanta har mutuwa. Wannan dangi ne dabam, wanda namijinsa yake da ƙaho na ƙashi zalla mai rassa, yana kuma zubar da shi kowace shekara wajen ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro a lulluɓe da wata fata mai laushi mai jijiyoyin jini, wadda take bushewa idan kaka ta gabato, sai dabbar ta goge ta a jikin ƙananan itatuwa. A nahiyar Afirka ba a samun wannan dangi a daji sai a tsaunukan Atlas da ke arewa. Iri biyu ne suka shafi wannan tarihi, wato jar barewa ta Turai, wadda namijinta yakan wuce kilo 150, da barewa mai farar wutsiya ta Amurka, wadda ba ta kai waccan girma ba amma ta fi ta yawa nesa ba kusa ba.

Mafi cikar bayanin leƙen daji da ya zo daga tsohon zamanin Turai yana cikin littafin farauta na Gaston Febus, basaraken Foix a kudancin Faransa, wanda ya fara rubuta shi a 1387 ya kuma rasu a 1391. Edward, basaraken Yok, ya mayar da yawancinsa zuwa Ingilishi tsakanin 1406 da 1413, kafin a kashe shi a yaƙin Agincourt a 1415. A tsarin da littattafan biyu suka bayyana, sarki ko basarake ba ya shiga daji ya nemi dabba da kansa. Akwai barori na musamman da ake raba wa sassan daji tun da dare, kowannensu ya fita kafin gari ya waye da kare guda ɗaure da doguwar igiya, wanda aka horar da shi ya bi wari ba tare da haushi ba. Aikin baran shi ne ya gano namiji guda da ya isa a fatattaka, wanda bisa ƙa'idarsu sai rassan ƙahonsa sun kai goma, ya tabbatar da kurmin da ya shiga ya kwanta, sannan ya zagaye kurmin da karensa don ya tabbata bai fita ta wani gefen ba, duk wannan kuwa ba tare da ya tashe shi ba, sau da yawa ma ba tare da ya gan shi ba.

Tun da yake idonsa ba ya kai ga dabbar a mafi yawan lokuta, sai ya dogara ga alamu, kuma an tsara karatun alamun nan har ya zama fanni mai ƙa'idoji. Faɗin kofato da zurfin shigarsa cikin ƙasa da dakushewar bakinsa suna nuna nauyi da shekaru, tazarar taku tana nuna tsawon jiki, rassan da suka kakkarye a saman turba suna nuna tsayi da faɗin ƙaho, itacen da aka goge kuwa kaurinsa yana nuna ƙarfin wanda ya goge shi. Baran yakan karya reshe ya ajiye a bakin kurmin don ya zama shaida, sannan ya ɗebi kashin dabbar ya zuba a cikin ƙahon busarsa ya toshe da ciyawa, ya kai wurin taron kalaci inda ubangidansa yake zaune da manyan baƙi a kan shimfiɗa. A nan kowane bara yake baje abin da ya kawo, a duba girmansa da siffarsa, a saurari bayaninsa, ubangida ya zaɓi wanda za a bi. Zanen da ke cikin kwafe-kwafen littafin Gaston yana nuna wannan taro, ana cin abinci a gefe guda ana duba kashi a ɗaya gefen. Duk wanda ya lura zai ga cewa sanin daji yana hannun bara ne, suna da yabo kuwa na mai doki ne, kuma baran da ya zuzuta dabbarsa aka tarar ƙarama ce shi yake shan kunya a gaban jama'a.

Dalilin da ya sa leƙe ya zama sana'ar barori shi ne barewa dukiyar sarauta ce. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila a 1066, ya kafa dokar daji wadda ta keɓe manyan yankuna don farautar sarki, daga ciki har da wanda ake kira Sabon Daji, da aka kafa wajen 1079, inda kibiya ta kashe ɗansa, Sarki Wiliyam na Biyu, yana cikin farauta a watan Agusta na 1100. Talakan da ya kashe barewa a irin waɗannan wurare yana iya rasa idanunsa ko wata gaɓa tasa, har sai da Yarjejeniyar Daji ta 1217 ta hana a kashe mutum ko a yanke masa gaɓa saboda naman daji. Tun a wancan zamani akwai lokuta, domin ana rufe daji na kusan wata guda a tsakiyar lokacin zafi sa'ad da mata suke haihuwa, ana kuma farautar manyan maza daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba sa'ad da suka yi ƙiba. Sana'ar mai leƙe ta daɗe bayan haka, don kuwa a Faransa har yau masu farauta da karnuka suna aika mutum da asuba ya zagaya daji ya dawo ya ba da rahoto a gaban taro, yayin da a Ingila dokar 2004 ta haramta fatattakar dabba da garken karnuka.

A Arewacin Amurka labarin ya bi wata hanya dabam, domin mutanen asali na nahiyar ba su da sarkin da ya mallaki dabbobin daji, sanin barewa kuwa na kowane namiji baligi ne, tun da ita ce nama, fatarta sutura, jijiyarta zare, ƙashinta kuma kayan aiki. Bafaranshen nan Samuel de Champlain ya ga mutanen Huron a 1615 sun gina shinge biyu masu tsawo da suke matsewa zuwa wani ƙaramin garke, suna koro dabbobi ciki, har suka kama 120 a cikin kwana 38, abin da ba zai yiwu ba sai ga mutanen da suka riga suka san turbobin dajin ciki da bai. A Fulorida an zana mutanen Timukuwa a wani littafi na 1591 sun lulluɓa da fatar barewa har da kanta suna tunkarar dabbobi a bakin ruwa. Al'ummu da yawa suna kuma ƙona ƙasan daji da gangan don sabuwar ciyawa ta fito ta jawo dabbobi inda ake son su. A irin wannan rayuwa leƙe da farauta abu guda ne, saboda mutumin da yake cikin daji kullum ba ya bukatar ya ware ranar zuwa dubawa.

Cinikin fata ne ya rushe wannan daidaito. Tsakanin 1699 da 1715 tashar jiragen ruwa ta Charleston tana fitar da fatun barewa kimanin 54,000 a kowace shekara zuwa Turai, inda ake yin safar hannu da wanduna da bangon littattafai da su, kuma basussukan da mafarautan asali suka ci a hannun 'yan kasuwa suna cikin abubuwan da suka haddasa yaƙin Yamasi na 1715. Tun kafin nan dabbar ta fara ƙaranci a kusa da garuruwan Turawa na bakin teku, abin da ya sa garin Portsmouth na Rod Ailan ya hana harbin barewa daga farkon Mayu zuwa farkon Nuwamba a 1646, tare da tarar fam biyar, kuma wannan ita ake ɗauka dokar rufe farauta ta farko a yankin. Masacuset ta naɗa jami'an tsaron barewa a 1739. Sai dai dokokin sun fi ƙarfi a takarda, domin wanda yake da iyali da yunwa a bakin daji, jami'i kuma yana tafiyar kwana biyu daga gare shi, ba kalanda yake dubawa ba.

Ƙarni na 19 ya kai ɓarnar maƙura, sa'ad da aka sare dazuzzukan gabas don noma da katako, layin dogo ya ratsa ƙasa, taragu masu sanyi suka fara kai nama manyan birane, bindiga mai ɗaukar harsashi da yawa kuma ta yi araha. Mafarautan kasuwa ba ruwansu da karatun alamu mai zurfi, saboda suna da hanyoyin da suka fi sauri, kamar sakin karnuka su koro dabba cikin tafki a harbe ta daga kwalekwale, ko haska mata fitila da dare ta tsaya cik, ko zuba gishiri a wuri guda a yi kwanto, ko bin ta a kan dusar ƙanƙara mai zurfi inda ƙafafunta suke nutsewa. Masana suna ƙiyasin cewa barewa mai farar wutsiya, wadda yawanta ya kai kusan miliyan 30 kafin zuwan Turawa, ta ragu zuwa tsakanin 300,000 da 500,000 wajen shekarar 1900. A jihar Indiyana an ba da labarin kashe ta ƙarshe a 1893, ba a kuma sake buɗe farautarta ba sai 1951, wato an yi kusan shekara sittin babu uban da zai fita farautarta da ɗansa.

Dokokin da suka ceto dabbar su ne kuma suka haifi leƙen daji na zamani. Ƙungiyar Boone da Crockett, wadda Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ta yaɗa aƙidar da ake kira farautar adalci, ma'ana kada mafarauci ya yi amfani da dabarar da za ta toshe wa dabba duk hanyar tsira. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1896 cewa jiha ce take riƙe da dabbobin daji amana saboda jama'a, Dokar Lacey ta 1900 kuma ta mayar da tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba laifi na tarayya, abin da ya karya kasuwar nama. Jihar Fensilbaniya, wadda ta kafa hukumar kula da namun daji a 1895, ta haramta karnuka da gishirin lasa a 1897, ta fara shigo da bareyi daga Mishigan a 1906, ta kuma hana harbin mata a 1907. Daga 1937 Dokar Pittman da Robertson ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa sayen daji da bincike da dawo da dabbobi. Da aka ƙwace wa mafarauci kare da fitila da gishiri a jihohi da dama, aka kuma taƙaita masa lokaci, bai rage masa komai ba sai ƙafarsa da idonsa. A Wiskonsin babbar farautar bindiga kwana tara ce kacal a ƙarshen Nuwamba, a Mishigan kuwa daga 15 zuwa 30 ga watan, kuma ma'aikacin masana'anta da ya samu hutun kwana biyu ko uku a ciki ba shi da lokacin da zai ɓata yana neman inda dabba take.

Abin da mai leƙe yake nema a dajin Amurka a yau bai yi nisa da abin da baran Gaston yake nema ba, ko da yake an ƙara fahimtar dalilansa. Farko shi ne abinci, kuma a dazuzzukan gabas abincin kaka shi ne ƙwayar bishiyar da Turawa suke kira ok, wadda take da manyan iri biyu, fara da ja. Ƙwayar farar ba ta da bauri sosai, saboda ƙarancin sinadarin nan da majema suke samu a bagaruwa, don haka barewa takan bar komai ta nufi gindin da ya fara zubarwa, ƙwayar jar kuwa sai daga baya ake komawa kanta. Bishiyoyin ba sa yin 'ya'ya daidai kowace shekara, shi ya sa mai leƙe yake ɗaga madubin hangen nesa ya duba rassa tun watan Agusta, domin gindin da ya tara dabbobi bara yana iya zama fayau bana. Bayan abinci sai makwanci, wanda ake gane shi da ciyawa ko ganye da suka kwanta a siffar jikin dabba, galibi a cikin sarƙaƙiya ko a kafaɗar tudu inda take ganin gabanta, iska kuma tana kawo mata warin abin da ke bayanta.

Alamu biyu sun fi ɗaukar hankalin mai neman namiji. Ta farko ita ce guga, wato ƙaramin itacen da aka saɓule wa ɓawo da ƙaho daga wajen gwiwar mutum zuwa ƙugu, wanda farin jikinsa yake haskawa daga nesa, kuma gefen da aka goge yana nuna inda dabbar ta fito. Ta biyu ita ce tono, wato wani fili mai faɗin kamar taku guda da namiji yake share ganyensa da kofato a ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, ya yi fitsari a ciki, ya tauna reshen ya shafa masa goshi da gefen ido don ya bar warinsa, kuma irin waɗannan suna yawaita a makonnin da suka gabaci barbara, wadda a jihohin arewa take kaiwa ƙololuwa a watan Nuwamba. Sabon shiga yakan ruɗu da tono ya zauna a kansa yini guda, alhali yawancin ziyarar da dabbobi suke kai masa da dare ne. Gogaggu sun fi damuwa da mashigi, wato inda ƙasa take tilasta wa dabba bin ƙunci, kamar lotsawar da ke tsakanin tudu biyu ko siririn daji tsakanin gonaki, sun kuma fi damuwa da iska, wadda a ƙasa mai tuddai take hawa sama da safe idan rana ta ɗumama gangare, ta gangaro da yamma idan ya huce. Akwai wata matsala da ke tattare da aikin kansa, domin duk shiga daji barin wari ne, tsohon namiji kuwa idan ya ji an dame shi sau biyu ko uku sai ya koma yawon dare, shi ya sa da yawa suke yin babban leƙensu a ƙarshen hunturu bayan an rufe farauta, sa'ad da ganye ya zube, alamun bara suna nan a fili, ƙahonin da aka zubar kuma suna shaida wanda ya tsira.

Dawowar kwari da baka ta ƙara tsananta bukatar wannan sani. Wiskonsin ta buɗe lokacin farauta na masu baka a 1934, bakan zamani mai ƙafafun juyi da aka yi wa rajistar ƙirƙira a 1969 kuma ya jawo mutane masu yawa cikin harkar, kuma tun da yake kibiya ba ta da tabbas sai a tazarar mita 20 zuwa 30, mai baka dole ya san ainihin itacen da zai ɗaura mazauninsa a kai, ba kurmin kawai ba. Mallakar ƙasa ma ta shigo ciki, domin a gabashin ƙasar yawancin daji na masu zaman kansu ne, a Tekzas kuwa kusan kashi 95 cikin ɗari, saboda haka leƙe yakan fara ne da ƙwanƙwasa ƙofar manomi ko biyan kuɗin haya. Cutar nan mai ramar da barewa ta lalata mata ƙwaƙwalwa, wadda aka fara lura da ita a Kolorado a 1967 aka kuma gano ta a Wiskonsin a 2002, ta sa an hana zuba abincin tarko a wurare da yawa, abin da ya sake mayar da mutane ga karatun daji.

Sauyi mafi girma ya zo ne ta hanyar kyamara, kuma asalinsa ya girmi yadda ake zato. George Shiras na Uku, lauya ɗan Fensilbaniya wanda ya taɓa zama ɗan majalisar tarayya, ya fara ɗaukar hoton barewa da dare a arewacin Mishigan a shekarun 1890, yana ɗaura zare a turba wanda idan dabba ta taɓa shi sai hodar walƙiya ta kama hoto ya ɗauku, kuma mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a watan Yuli na 1906. Kusan ƙarni guda bayan haka kyamarori masu jin motsi da ɗumin jiki suka shiga kasuwar mafarauta, da fim da farko, sannan da katin ajiya, daga baya kuma masu aika hoto kai tsaye zuwa waya. Idan aka haɗa su da taswirar tauraron ɗan'adam mai nuna iyakar kowace gona da sunan mai ita, mutum yana iya sanin namijin da ya wuce gindin wata bishiya da ƙarfe shida na safe alhali yana zaune a ofis. Aikin da baran basarake yake yi da asuba ya dawo ke nan, sai dai baran yanzu akwati ne mai batir, kuma mai shi yana iya tara hotuna dubbai bai iya bambanta sawun jiya da na makon jiya ba.

Hukumomin jihohi sun rabu a kan wannan. A yammacin ƙasar inda ruwa yake ƙaranci, mashaya guda takan tara kyamarori masu yawa na mutane dabam dabam, masu zuwa duba su suna hana dabbobi shan ruwa suna kuma rigima da juna, abin da ya sa Arizona ta haramta amfani da kyamarar daji don farauta daga ranar 1 ga Janairu, 2022. Yuta ta taƙaita su a watannin farauta a shekarar, Kansas kuma ta hana su a filayen gwamnati a 2023, yayin da mafi yawan jihohin gabas, inda daji yake da duhu barewa kuma ta yi yawa har tana ɓarna a gonaki da tituna, suka bar su. Hujjar masu hanawa ita ce dai wadda aka kafa a kan kare da gishiri a 1897, kuma ta fi ƙarfi a kan kyamara mai aika hoto nan take fiye da wadda sai an taka an je an duba, domin ta farkon tana rushe tazarar da doka ta sa tsakanin lokacin sani da lokacin harbi. Yawan barewa mai farar wutsiya a Amurka yanzu ya koma kusan miliyan 30, kuma ana harbe kimanin miliyan shida a kowace shekara bisa lasisi.